Bayanan marasa lafiya a Sakkwato: me doka ta tanada a zamanin ƙirƙirarriyar basira?

Duk wanda ya ratsa lungunan da ke kewaye da Hubbaren Shehu a birnin Sakkwato, kamar dai sauran tsofaffin unguwannin arewacin Najeriya, yana iya cin karo da wasu lambobi da aka rubuta da alli a jikin ƙofofi da bangaye. Masu ɗiga wa yara maganin rigakafin shan inna ne ke barin su, domin nuna ranar da suka zo, da adadin yaran da ke gidan, da kuma ko an karɓe su ko an ƙi.

Shi rubutun alli, ruwan sama ɗaya ya ishe shi. To amma tun daga wajen shekara ta 2012 aka fara bai wa ma'aikatan rigakafin wayoyin salula masu nuna inda mutum yake ta hanyar tauraron ɗan adam, aka kuma zana taswirar garuruwa da ƙauyuka da rugage na jihohin arewa da dama, ciki har da Sakkwato, domin kada a tsallake kowa. Irin waɗannan bayanai ruwa ba ya wanke su. Suna zaune a cikin kwamfutoci, ana iya kwafar su, ana iya aika su wata ƙasa cikin ƙiftawar ido.

A yau kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar da ke sa kwamfuta ta koyi aiki daga ɗimbin misalan da aka ɗura mata har ta riƙa yanke hukunci da kanta. Abincin wannan fasaha shi ne bayanan mutane, kuma babu bayanan da kamfanoni suka fi kwaɗayi kamar na asibiti. Wannan ne ya sa masana shari'a a Najeriya da wajenta suka duƙufa a kan wasu tambayoyi: wa ke da iko da hoton ƙirjin da aka ɗauki wani manomi, wa za a kama idan na'ura ta faɗi cutar da ba ita ba, sannan da wace wutar lantarki za a tafiyar da duk wannan?

Amanar da ta taɓa karyewa

A arewacin Najeriya ba a jin wannan batu kamar tatsuniya, saboda akwai tabon da bai gama warkewa ba.

A shekara ta 1996 annobar sanƙarau ta hallaka mutane sama da 10,000 a ƙasar. Ana tsakiyar annobar ne kamfanin harhaɗa magunguna na Pfizer da ke Amurka ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a cikin gwajin, kimanin rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran kuma aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 sun mutu, wasu kuma suka nakasa.

Kamfanin ya dage a kan cewa cutar ce ta kashe yaran, kuma an yi wa iyayensu bayani da baki sun amince. Su kuwa iyayen da suka kai ƙara cewa suka yi babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. A watan Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin New York ta yanke cewa haramcin yin gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba ƙa'ida ce da dokokin ƙasa da ƙasa suka amince da ita. A cikin shekarar ce kuma kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da amsa laifi ba. Wani abin lura shi ne, kafin a biya diyya sai da aka buƙaci iyalan su yi gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantakarsu da yaran. Ke nan mutanen da suka ce an taɓa jikin 'ya'yansu ba da izini ba, sai da suka sake miƙa mafi sirrin bayanan jikinsu kafin su ga kuɗi. Sai a watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Kafin nan rashin yardar ya riga ya yi ɓarna. A shekara ta 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa an gurɓata maganin, kuma labarin Trovan na daga cikin hujjojin da masu adawa suka riƙa kafawa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, a lokacin kuwa cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. An ɗauki shekaru ana lallashi, har da kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a matakin farko da aka kafa a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a ranar 25 ga watan Agustan 2020.

Darasin da ma'aikatan lafiya suka ɗauka a nan shi ne, ranar da mai gida ya yi zargin cewa abin da aka rubuta a ƙofarsa za a yi amfani da shi a wani wuri da bai sani ba, ranar ce zai rufe ƙofar.

Abin da ke rubuce a doka

A takarda dai, maras lafiya a Najeriya ba maraya ba ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta tarho. A shekara ta 2001, a shari'ar da aka fi sani da sunan Dakta Okonkwo, kotun ƙoli ta dogara da wannan sashe da wanda ke biye da shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin karɓar magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. A 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara, a wata ƙara da wata ƙungiyar lauyoyi ta shigar da hukumar ba da katin shaidar ɗan ƙasa, ta bayyana cewa kare bayanan mutum yana cikin wannan haƙƙi na sirri.

Sai dokar lafiya ta ƙasa da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014. Sashe na 26 ya ce duk wani bayani game da halin lafiyar mutum, ko maganin da aka yi masa, ko kwanciyarsa a asibiti, sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutacciyar yardarsa, ko da umarnin kotu, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Wanda ya buɗe ko ya kwafi fayil ɗin maras lafiya ba da izini ba yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. Kuɗi ne mai ɗan kauri a 2014. A yau bai kai farashin babur ba.

Babbar dokar ita ce ta kare bayanan jama'a, wadda shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga watan Yunin 2023, makonni biyu kacal da hawansa mulki. Ita ce ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, a ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji, bayan shekaru huɗu ana lallaɓawa da ƙa'idojin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar a 2019. Dokar ta yi kama ƙwarai da ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018.

Ta ware wasu bayanai ta ce masu tsananin sirri ne, daga ciki akwai halin lafiya, da ƙwayoyin halitta, da zanen yatsa ko siffar fuska da ake gane mutum da su, da addini, da ƙabila. Ta ce shiru ba amincewa ba ne, kuma wanda ya karɓi bayanan shi ne zai kawo hujjar cewa an amince masa. Mutum yana da ikon tambayar abin da aka ajiye game da shi, ya sa a gyara ko a goge, ya kuma janye yardarsa a duk lokacin da ya ga dama. Idan aka yi kutse aka kwashi bayanai, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Game da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 kuwa, iyaye ko mai riƙonsa ne ke bayar da izini.

Duk wannan gini a kan ginshiƙi ɗaya yake tsaye, wato amincewa, kuma a nan gizo ke saƙar. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a yi wa maras lafiya bayani da harshen da yake ji, tare da la'akari da ko ya iya karatu. Ta 2023 ita ma ta ce bayanin ya kasance a fili, daidai da irin mutanen da ake magana da su. Amma takardar neman izinin da aka saba gani da Turanci take, a ƙasanta kuma ga gurbin dangwala yatsa. A Sakkwato akwai ɗimbin mutanen da ba su yi boko ba amma suna karanta ajami da Larabci sarai, kuma babu inda doka ta hana a rubuta musu takardar da ajami, ko a naɗa musu bayanin da murya. Ba baƙon abu ba ne a wannan gari: Nana Asma'u, wadda kabarinta ke nan Hubbare kusa da na mahaifinta, da Hausa da Fulatanci ta riƙa aika ilmi zuwa ga matan ƙauyuka ta hannun jajis ɗinta, domin ta san Larabcin malamai ba zai isa gare su ba.

Akwai kuma wata kafa da ya kamata a sa wa ido. Dokar ta 2023 ta sassauta wa hukumomin gwamnati wasu daga cikin sharuɗɗanta a lokacin da ake yaƙi da annobar da ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Hikimar hakan a fili take, ba za a tsaya cike takardu mutane na mutuwa ba. Sai dai gwajin Kano ma a tsakiyar annoba aka yi shi, kuma annoba ba ta yi ƙaura daga yankin ba: sanƙarau ɗin da ya ɓarke tsakanin 2016 da 2017 ya kashe mutane fiye da 1,000, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu.

Fuskar da ba ta ɓoyuwa

Babu inda wannan matsala ta fi fitowa fili kamar asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa tun 2014. Ita noma cuta ce da ke farawa da kumburin dasashi, cikin 'yan kwanaki ta zaizaye kumatu da leɓe da hanci. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, kuma idan ba a yi magani ba tana iya kashe 9 daga cikin 10. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a ranar 15 ga watan Disamban 2023.

Aikin likitan noma ba ya yiwuwa sai da hoto: hoto kafin tiyata, hoto bayanta, hoto bayan shekara. Irin wannan tarin hotuna ne kuma mai son ƙera manhajar da za ta taimaki ma'aikacin lafiya na ƙauye ya gane cutar da wuri zai buƙata. Manhaja irin wannan za ta iya ceton rayuka, domin a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha ya isa.

To amma sashe na 28 na dokar 2014 ya ce ana iya bincike da fayil ɗin maras lafiya ba tare da neman izini ba, muddin dai babu abin da zai nuna ko wane ne. Ta yaya ake ɓoye sunan fuska? Ana iya rufe idanu da baƙin layi, amma raunin noma kowa da irin nasa, kuma a ƙauye mai gida 50 kowa ya san yarinyar. Uwar da ta dangwala yatsa a lokacin da ɗiyarta ke bakin mutuwa, don a yi mata tiyata ta dangwala. Da wuya a ce ta amince da a koyar da kwamfuta da hoton shekaru 10 masu zuwa, a wata ƙasa, a kuma sayar da manhajar. Ita yarinyar da za ta girma ta kai aure, doka ta ba ta ikon cewa a goge, sai dai goge hoto daga rumbu abu ne mai sauƙi, cire abin da na'ura ta riga ta koya daga gare shi ne masana kansu ba su gama gano hanyarsa ba.

Ko a ƙasashen da suka ci gaba an yi tuntuɓe a nan. Tun a ƙarshen shekarun 1990 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta zaƙulo fayil ɗin asibitin gwamnan jihar Massachusetts daga bayanan da aka ce an cire musu sunaye, ta hanyar haɗa su da rajistar masu zaɓe. A Birtaniya kuma, hukumar kare bayanai ta yanke a 2017 cewa asibitin Royal Free na London ya saɓa doka da ya miƙa bayanan marasa lafiya kimanin miliyan 1.6 ga kamfanin DeepMind, ɗan uwan Google.

Idan na'ura ta yi kuskure

Fasahar ta riga ta iso. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tantance tarin fuka a jikin 'yan shekara 15 zuwa sama, a madadin ƙwararren mai karanta hoto. A wasu jihohin Najeriya, ciki har da Kano, an yi ta yawo da motoci da ƙananan na'urorin ɗaukar hoto masu ɗauke da irin wannan manhaja. A ƙasar da likitocinta ke ficewa zuwa Birtaniya da Saudiyya, babu mai hankalin da zai raina wannan taimako.

Sai dai na'ura abin da aka koya mata kaɗai ta sani. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2019 ya gano cewa wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita wajen zaɓen masu buƙatar ƙarin kulawa tana tauye baƙaƙen fata, saboda ta ɗauki yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a matsayin ma'aunin tsananin ciwonsa. Ga kuma batun harshe. A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wata manhajar harshe mai suna N-ATLAS da ke jin Hausa da Yarbanci da Ibo. Amma Hausar Kano da ta cika rubuce-rubuce daban take da Sakkwatanci, sunayen cututtuka ma suna sauyawa daga gari zuwa gari. A wasu ƙauyukan yankin ana kiran noma ciwon iska, wasu kuma su ce ciwon daji, sunan da a wasu wurare ba ya nufin komai sai kansa. Na'urar da ba ta san haka ba sai ta tura uwa hanyar da ba ita ba.

Sashe na 37 na dokar 2023 ya ba mutum ikon ƙin yarda da hukuncin da na'ura ita kaɗai ta yanke a kansa, idan hukuncin zai yi tasiri mai girma a rayuwarsa. Yana iya neman ɗan adam ya sake dubawa, ya kuma ƙalubalanta. Abin tambaya shi ne, idan ma'aikacin da ke wurin bai iya karanta hoton ƙirji ba, abin da allo ya nuna kawai yake maimaitawa, shin za a ce ɗan adam ya sa hannu?

Batun alhaki ya fi wannan sarƙaƙiya. Majalisar kula da aikin likitoci tana hukunta likita, hukumar NAFDAC tana rajistar kayan aikin asibiti, dokar kare masu sayen kaya ta 2018 tana ɗora alhaki a kan wanda ya ƙera kaya mai aibu. Manhajar da aka rubuta a wata nahiya, wata ƙungiyar agaji ta shigo da ita, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya danna ta, tana faɗawa ne a tsakanin ukun. Tarayyar Turai ta yi doka ta musamman da ta fara aiki ranar 1 ga watan Agustan 2024, wadda ta sa manhajojin da ke cikin kayan aikin likita a rukunin masu babban haɗari. A Najeriya ma'aikatar sadarwa ta fitar da daftarin manufar ƙasa kan fasahar a watan Agustan 2024, wata guda bayan Tarayyar Afirka ta amince da tata, amma har ƙarshen 2025 babu wata doka ta musamman da aka sa wa hannu.

A gari kamar Sakkwato, inda kotunan shari'ar Musulunci ke aiki, tambayar ba sabuwa ba ce ga malamai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu, wanda ya rasu a 1837, ya bar rubuce-rubuce da dama a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Littattafan fiƙihun Malikiyya da aka gada a zaurukan wannan gari sun daɗe da tattauna lamunin likita. Ibn Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, ya bambance a cikin Bidayatul Mujtahid tsakanin gwanin da ya yi kuskure, wanda diyyar ke hawa kan danginsa a ra'ayin mafi yawan malamai, da wanda ya shiga aikin magani alhali ba ahalinsa ba ne, wanda shi ake ɗauka a matsayin mai ƙetare iyaka. Ma'aunin ke nan shi ne ko an san mutum da ƙwarewa. Wa zai shaidi ƙwarewar manhaja a kan jikin mutanen Gwadabawa ko Isa, idan ba a gwada ta a kansu an wallafa sakamakon ba? Wannan fage ne da malaman shari'a na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, waɗanda ke karantar da dokar ƙasa da ta Musulunci a tsangaya ɗaya, suka fi kowa dacewa da shi.

Ba a girki sai da wuta

A 2020 masu bincike na Google suka wallafa abin da suka gani a asibitocin ƙasar Tailan, inda aka gwada wata manhaja mai duba idon masu ciwon sukari. A ɗakin gwaji ta yi fice, amma a asibitocin sai ta ƙi karɓar kimanin kashi 21 cikin 100 na hotunan saboda rashin ingancinsu, galibi don hasken ɗakunan bai dace ba, ga kuma jinkirin intanet.

Sakkwato na samun wuta ne daga kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, tare da Kebbi da Zamfara, a can ƙarshen layi. Tashar samar da megawat 38 da gwamnatin jihar ta ba da kwangilarta a 2008 ta shafe shekaru fiye da 10 ba ta fara ba jama'a wuta ba. A watan Oktoban 2024 mafi yawan jihohin arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. A watan Afrilun shekarar ne aka ɗaga farashin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, ninki uku na da, kuma kafin shekarar ta ƙare an yanke wa asibitin koyarwa na Ibadan wuta saboda bashi.

Alaƙar wannan da kare bayanai kai tsaye take. Dokar 2023 ta wajabta a tsare bayanai daga ɓata da lalacewa, ba daga ɓarayi kaɗai ba. Ranar da wuta ta ɗauke, kwamfutar asibiti ta mutu, hanya mafi sauƙi ga ma'aikaci ita ce ya ɗauki hoton fayil da wayarsa ya tura wa likita ta WhatsApp, daga nan kuma hoton ya fita daga ikon asibitin. Haka nan ƙa'idojin NITDA na 2013 sun buƙaci a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, kuma a watan Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata babbar cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone a Kano. Irin waɗannan cibiyoyi kuwa cin wuta gare su. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya, kusan ninki 10 ke nan na abin da babban layin Najeriya ke samarwa a shekara.

A nan ma doka ta buɗe ƙofa. Gyaran tsarin mulki na watan Maris ɗin 2023 da dokar lantarki ta watan Yunin shekarar sun ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da kuma tsara kasuwar wutarsu. Jihar da ke da rana irin ta Sakkwato tana iya rubuta dokar da za ta fifita asibitoci a ƙananan tashoshin sola, idan majalisarta ta ga dama.

Iyaka da hukunci

Masu ziyarar Hubbare ba 'yan Najeriya kaɗai ba ne, kuma hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni da ke kawo su ita ce ke kawo marasa lafiya daga Jamhuriyar Nijar zuwa asibitocin Sakkwato. Dokar Najeriya ta shafi duk bayanan da aka sarrafa a cikin ƙasar, don haka baƙon ma ta rufe shi. Nijar tana da tata dokar tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da kuma babbar hukumar kare bayanai ta HAPDP. A da yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2010 ce ta haɗa ƙasashen biyu a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya, to amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Dokar Najeriya ba ta yarda a fitar da bayanai waje ba sai zuwa inda ke da isasshiyar kariya, ko da yardar mai su, ko da wani dalili da ta lissafa.

Ta fuskar hukunci, babban mai sarrafa bayanai yana iya biyan tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. An kuwa fara ganin haƙoran hukumomin. A watan Yulin 2024 hukumar kare masu sayen kaya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 bayan wani bincike da ta yi tare da NDPC, kuma kotun musamman ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025. Ita NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8 a 2024, hukuncin da bankin ya ce bai yarda da shi ba, sannan ta ci MultiChoice naira miliyan 766 a 2025.

Manyan tarar da suka yi amo duk a kan bankuna da kamfanonin sadarwa suka faɗa. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da lambar shaidar ɗan ƙasa da sauran bayanan mutane a kan naira 100, ko da yake hukumar katin ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Wannan lamba ita ce gwamnati ta tilasta a haɗa da layin waya tun watan Disamban 2020, lokacin ministan sadarwa Isa Ali Pantami, kuma lambar waya na daga cikin abubuwan farko da ake tambaya a ɗakin yankar kati na asibiti.

Wanda yake ganin an yi wasa da bayanansa yana da hanya biyu a ƙarƙashin dokar 2023: ya kai koke ga hukumar NDPC, wadda hedkwatarta ke Abuja, ko kuma ya shigar da ƙara a kotu ya nemi diyya. Ƙa'idojin aiwatar da dokar, waɗanda hukumar ta fitar a watan Maris ɗin 2025, sun fara aiki ne a watan Satumban shekarar, suka maye gurbin na 2019.